Ciwon dajin bakin mahaifa: lambar ƙwaya da ranar zuwa likita

Akwai ciwon da ke cin mata a ƙasar nan shiru. Ba ya tada gari kamar sanƙarau, ba a kafa masa rumfuna kamar amai da zawo. Shi ne ciwon dajin bakin mahaifa. A Nijar, in an ɗebe ciwon dajin nono, babu dajin da ya fi shi kama mata. Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ƙiyasta mata wajen dubu 660 suka kamu da shi a shekarar 2022, wajen dubu 350 suka rasu, kuma kashi 94 bisa ɗari na mamatan a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke.

Da can ba a san mafarinsa ba. A 1983 da 1984 ne wani masani ɗan Jamus, Harald zur Hausen, shi da abokan aikinsa, suka gano ƙwaya iri biyu cikin naman ciwon, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Sunan ƙwayar fafiloma, a takardun likita ana rubuta ta HPV. Dangi ne babba, sun haura iri 200, kowace da lambarta kamar soja. Yawancinsu ba su da wata ɓarna. Lamba 6 da 11 ƴan tsiro suke fiddawa ga al'aura, abin ƙyama ne amma ba kasafai yake zama daji ba. Masu haɗari wajen goma sha biyu ne, kuma shugabanninsu su ne lamba 16 da 18, waɗanda su biyu kaɗai ke haddasa kashi 70 bisa ɗari na ciwon. Bayansu sai 45 da 33 da 31 da 52 da 58, sai kuma 35, wadda aka fi samu ga matan Afirka ta kudu da Sahara bisa ga matan Turai.

Ta saduwar mace da namiji ake ɗaukar ƙwayar, kuma kusan duk baligin da ya san aure ya taɓa ɗaukar ta bai sani ba. Tara cikin goma jiki ne ke kore ta da kansa kafin shekara biyu. Wadda ta zauna daram ita ce abin tsoro: a hankali take ɓata fatar bakin mahaifa, shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama daji. Ga mace mai ɗauke da ƙwayar sida kuwa shekara 5 zuwa 10 sun isa, kuma haɗarinta ya ninka na sauran mata har sau shida.

A nan ya kamata maza su buɗe kunne. Maigidan da ya ji an ambaci saduwa ya hau zargin matarsa, ya yi zalunci kuma ya yi jahilci. Ƙwayar da ta ba da ciwo yau ta yiwu ta shiga tun daren farko, kuma ta yiwu shi ya kawo ta gida, domin namiji yakan ɗauke ta ba tare da wata alama ba. Abin da hankali ya ce, in an sami ciwon ga uwargida, to a kai amarya ma a duba ta.

Tambayar da masana ke yi ita ce: in ciwon ya riga ya kama, lambar ƙwayar tana faɗin yadda mace za ta ƙare? Tana faɗin wani abu. Lamba 16 ta fi ba da dajin da ke fitowa a fatar waje ta bakin mahaifa, inda ido ke gani. Lamba 18 da 45 sun fi yawa cikin dajin da ke tsirowa can cikin maƙogwaron mahaifar, inda yake ɓuya ga mai dubawa, kuma bincike da dama ya nuna masu irin waɗannan lambobi ciwon ya fi yi musu taurin kai bayan an gasa shi da haske. Abin mamaki kuma, dajin da ba a sami ƙwayar cikinsa ba ya fi muni. A ƙasar Suwidin an duba naman ciwon mata 2845, aka fitar da sakamako a 2018: bayan shekara biyar, kashi 74 bisa ɗari na masu ƙwayar sun tsira, na marasa ita kashi 54 kaɗai. A 2020 OMS ta raba ciwon gida biyu cikin kundinta, mai alaƙa da ƙwayar da marar alaƙa da ita.

Wannan ilimi ne mai daraja, ba a raina shi. Amma fa kada ya ruɗi ma'aikaci. Tazarar da lamba ke kawowa ƙarama ce in aka gwada ta da tazarar da jinkiri ke kawowa. Lokotoro sun kasa ciwon mataki huɗu: na farko yana bakin mahaifa kaɗai, na huɗu ya kai mafitsara ko dubura, ko ya tafi huhu da ƙashi. A Amurka, inda kayan aiki suka wadata, tara cikin goma na waɗanda aka gano tun ciwon bai fita daga mahaifa ba suna raye bayan shekara biyar. Waɗanda ya riga ya yi musu nisa cikin jiki, da ƙyar biyu cikin goma. Ƙwaya ɗaya, lamba ɗaya, bambancin duka ranar zuwa likita ne.

To, me ke hana matar ƙauye zuwa da wuri? Alamun farko ba su da zafi: ɗan jini bayan saduwa, jini tsakanin al'ada da al'ada, jini ga wadda ta daɗe da barin haila, ko ruwa mai wari. Sai ta ɗauka jinin istihala ne, ta aika a tambayo malam hukuncin sallarta da azuminta. Malam ya ba da amsa daidai, ita kuwa ta zauna. Daga nan sai saiwa da sassaƙe, sai hayaƙi, sai a ce maita ce ko aikin kishiya. Kunya ta hana ta faɗa wa miji. In ta faɗa, sai a ce a bari a sa hatsi rumbu tukuna. Ranar da za a ɗora ta bisa amalanke, baya na ciwo, ƙafa ta kumbura, ɗaki na wari. Da malamai za su ƙara jimla ɗaya bayan fatawarsu, su ce «je ki a duba ki», da sun ceci rayukan da ba su san adadinsu ba.

Hukuma ta yi wani yunƙuri, kuma gaskiya ce a faɗa. A 2007 aka sa hannu bisa dokar da ta ce maganin ciwon dajin mata kyauta ne. A 2021, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya, aka buɗe sashen gashi da haske a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai. Kafin nan sai an tsallaka wata ƙasa. Sai dai daga Damagaram zuwa Yamai kilomita wajen 900 ne, daga Maraɗi sun haura 600, gashin kuma makonni yake ɗauka. Doka ba ta biyan kuɗin mota, ba ta ba da masauki, ba ta ciyar da ɗan rakiya. Saboda haka ƙarfin aiki bai kamata ya ƙare a babban birni ba. Wurinsa gidan likitan karkara, hannun ungozomar da mata suka sani.

Abin da ake bukata can ba shi da tsada. Ana shafa ruwan binegar ga bakin mahaifa, a jira minti ɗaya. Wurin da ya fara lalacewa sai ya yi fari, a ƙona shi nan take da ƴar na'ura mai zafi ko mai sanyi, mace ta koma gida ranar. A nan ne kuma sanin lamba ya fi amfani. Tun 2021 OMS ta ba da shawara a riƙa neman ƙwayar kanta ga mata daga shekara 30, masu sida daga 25, kuma mace na iya ɗaukar abin awon da hannunta ba sai ta tuɓe gaban kowa ba. Wadda aka samu da 16 ko 18, ita za a fara kira. Ga ƙasar da ma'aikatanta ba su da yawa, sanin wa za a fara kira ba ƙaramin abu ba ne.

Sai allurar rigakafi, wadda ta fito tun 2006. Kowace irinta tana tare lamba 16 da 18; mafi faɗinsu tana tare iri tara, amma ba 35 a ciki, shi ya sa allura ba ta ɗauke wa mace awo. A Ingila, ƴan matan da aka yi wa ita suna da shekara 12 zuwa 13 ciwon ya ragu musu da kashi 87 bisa ɗari. Ruwanda ta fara a 2011, Senegal a 2018, Najeriya a watan Oktoba na 2023. A 2022 OMS ta yarda allura ɗaya ta wadatar ga yarinya mai shekara 9 zuwa 14. Masu cewa tana hana haihuwa su tuna abin da irin wannan magana ta jawo a 2003, da aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano, cutar ta sake bazuwa har ta tsallako iyaka.

A watan Nuwamba na 2020 OMS ta ƙaddamar da alkawarin da ƙasashen duniya suka ɗauka: kafin 2030 a yi wa kashi 90 bisa ɗari na ƴan mata allura kafin su wuce shekara 15, a auna kashi 70 na mata a shekara 35 da kuma 45, a yi wa kashi 90 na masu ciwon magani. Yarinyar da za ta cika 15 a 2030, tun 2015 aka haife ta. Mai tsara aikin da ya dogara ga rajistan lakwal kaɗai ba zai same ta ba, domin a karkara da yawansu ba su cikin aji: suna bakin rijiya, suna talla a kasuwa, wasu an riga an sa musu rana. Mai gari da liman da matan da suka fito makarantar yaƙi da jahilci su ne suka san gidajensu, kuma da su ya kamata a zauna a rubuta sunaye kafin motar allura ta iso.