Ofishi Ɗaya, Iyayen Gida Biyu

'Yan uwa marubuta, a Ireland ta Arewa, bisa yarjejeniyar 1998, mutum biyu ke jan gwamnati da iko daidai, kuma ma'aikata guda ke musu hidima. Ba a zartar da komai sai duka sun yarda. Da Martin McGuinness ya yi murabus a 2017, gwamnatin ta tsaya cik shekara uku.

Nan Kaduna kuwa mataimaki ɗan jira ne. Yakowa bai riƙe alƙalami ba sai da Namadi Sambo, ɗan Zariya, ya tafi Abuja a 2010. A jiha mai rabuwar kai irin tamu, ni na fi son tsarinsu.

Mu nan birni kullum labarin kishiyoyi muke rubutawa. Sakataren da ke kai fayil tsakanin iyayen gida biyu fa, wa zai rubuta labarinsa?