Kafin a Taɓa Kusar H: Gyaran Injin Zarto na Hannu a Kaduna

Duk lokacin da guguwar farkon damina ta ratsa Kaduna a watan Afrilu ko Mayu, washegari ba a rasa reshen darbejiya ko na mangwaro da ya kwanta a kan katanga ko wayar lantarki a Unguwar Kanawa, musamman a layukan da ke da tsofaffin bishiyoyi kusa da tsohon mazaunin NDA. A lokacin ne kasuwar masu injin zarto ke buɗewa. A lokacin ne kuma injinan da suka yi watanni a ajiye, da waɗanda aka sayo na hannu, ke tururuwa zuwa wurin bakanike, wasu a cikin unguwa, wasu har Fanteka. Koken kusan ɗaya ne kullum: injin ba ya ja, a ƙara masa wuta.

Maganin da aka saba bayarwa ba ya cin minti ɗaya. Bakanike ya ɗauki siririyar sukundireba, ya murɗa kusar da ke da alamar H a jikin kafireta zuwa ciki, injin ya ɗauki wata ƙara mai tsini kamar zai tashi sama, mai shi ya yi murmushi ya biya. Wannan murɗawar tana cikin manyan abubuwan da ke kashe injinan zarto, kuma ya kamata masu gyara da masu kai gyara su daina ɗaukar ta a matsayin aiki.

Dalilin yana cikin yadda aka ƙera injin. Injin zarto mai bugu biyu ne, ɗan'uwan ƙaramin janaretan Tiger da kowa ya sani, wanda ake haɗa masa fetur da mai a tanki ɗaya. Ba shi da wata ma'ajiyar baƙin mai a ƙasa. Man da ke shafe fistin da zobensa da karanshaf yana shigowa ne a cikin fetur, fetur ɗin kuma yana taimakawa wajen sanyaya silinda. Kusar H ita ke ƙayyade yawan fetur ɗin da ke shiga idan an ba injin wuta har ƙarshe. Idan aka murɗa ta ciki, fetur ya ragu, man shafawa ya ragu tare da shi, juyin injin ya ƙaru, zafi ya hauhawa. A shago, inda sarƙa ke gudu a iska, abin gwanin daɗi. Da an kafa shi a gungume na 'yan mintoci sai fistin, wanda da alminiyam aka yi shi, ya fara gogar bangon silinda ta ɓangaren salansa, zobe ya maƙale, injin ya buga. Mai shi ya ce an sayar masa da ruɓaɓɓen kaya.

Kunnen da ya ƙware yana neman wata ƙara ce daban. Injin da aka daidaita yadda ya kamata, idan aka matsa totur ɗinsa ba ya cikin itace, yana ɗan gurnani da ɓarɓarwa kamar bai gama sharewa ba. Sai sarƙa ta kama itace sannan ƙarar ta miƙe. Wannan gurnanin da mai inji ke jin kamar aibu ne, shi ne shaidar cewa fetur ya wadata. A yawancin injinan da ake daidaitawa da hannu, ana farawa ne da a rufe H da L a hankali har su zauna, a buɗe kowace wajen zagaye ɗaya, a bar injin ya yi zafi, sannan a gyara kaɗan-kaɗan. L tana kula da silo da tashin injin, kusa ta uku kuma, wadda Stihl ke wa alamar LA, Husqvarna ke wa alamar T, tana saita gudun silo ta yadda sarƙa ba za ta motsa ba idan an saki totur.

Akwai wani kuskuren kunne da ya shafi tsohon Stihl 070, dokin aikin masu tsaga katako a Afirka ta Yamma, da kwafinsa na China da suka cika kasuwa. Wannan inji mai siisi wajen 106 yana aikinsa ne a juyi 7,000 zuwa 8,000 a minti. Ƙananan injinan zamani kuwa suna haura 12,000. Bakaniken da kunnensa ya saba da kukan ƙanana, idan ya nemi irin wannan kukan daga 070, ya nemi abin da ba a ƙera shi don shi ba.

To ina ƙarfin tsohon inji yake zurarewa? Sau da yawa a sarƙa. Sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya-manya, tana jan kanta cikin itace ba sai an danna ba. Wadda ta dakushe gari take fitarwa, mai aiki ya yi ta dannawa, injin ya yi ta nishi, a ɗora wa kafireta laifi. Bishiyar cikin gari kuwa ba ta da tausayin sarƙa: darbejiyar da ta shekara talatin a bakin layi ta sha ƙusoshin masu rataye allon talla da wayar shanya, ɓawonta cike da yashi. Wasawa na buƙatar zagayayyen magagari daidai da girman sarƙar, milimita 4.8 ga mai lamba .325, wajen 5.2 zuwa 5.5 ga manya, a riƙe shi a kusurwar digiri 30 don yankan gicciye. Masu tsaga gungume a tsawonsa don fitar da katako suna rage kusurwar zuwa wajen digiri 10, kuma wannan sauyi ne mai ma'ana.

A gaban kowane haƙori akwai wani ɗan tudu da ke ƙayyade zurfin cizonsa. Ya kamata ya gaza haƙorin da kimanin milimita 0.65 a yawancin sarƙoƙi. Idan ana ta wasa haƙori ba a rage tudun ba, sarƙa ta daina ci ko da tana da kaifin aska. Wasu kuma sai su wuce gona da iri, su goge tudun kusan gaba ɗaya da garanda don sarƙa ta riƙa cafka. Tana cafka kam, tana kuma fizgar mutum.

Bayan sarƙa, sai numfashi. Ƙurar hunturun Kaduna da garin katako suna toshe matatar iska, kuma matatar da ta yage ta fi wadda ta toshe illa, domin ƙura ce ke shiga tana cin silinda. Ragar da ke cikin salansa ma takan toshe da baƙin hayaƙi, wankewa kawai take so. Sai tiyon fetur da siririyar fatar robar da ke cikin kafireta, waɗanda ke bushewa idan injin ya kwana watanni da tsohon fetur a cikinsa. Wanda bai manta da gurɓataccen fetur mai methanol da ya shigo Najeriya a farkon 2022 ba, ya san cewa abin da ake zubawa a tanki ba kullum ne abin yarda ba, balle na bakin hanya a galan. Mafi haɗari shi ne zurarar iska ta robobin da ke toshe gefen karanshaf. Alamarta injin ya riƙa haurawa da kansa a silo, ko ƙararsa ta sauya idan an karkata shi. Irin wannan injin ya riga ya ƙaranta fetur, murɗa masa H ciki ƙarasa shi ne.

Shi ya sa mai sayen injin hannu bai kamata ya tsaya ga jin ƙara ba. Noti biyu ko uku ne ke riƙe da salansa. A kwance ta, a haska fitilar waya ta ƙofar hayaƙi, a ja igiya a hankali. Fistin mai santsi da zobe mai motsi alamar lafiya ce. Idan akwai zane-zane a tsaye kamar an ja ƙusa, kuɗin silinda da fistin ya shiga ciniki. Mai sayarwar da ya ƙi a kwance salansa ya riga ya ba da amsa.

Batun haɗin mai ma ana yi masa riƙon sakainar kashi. Stihl na cewa 50 da 1 idan da ingantaccen man inji mai bugu biyu ne, wato mililita 100 a lita 5 na fetur. Yawancin injinan China ana rubuta musu 25 da 1, wato ninki biyu. Awo da murfin gora da ido ba ya ba da ko ɗaya daga ciki. Baƙin man mota kuma ba a yi shi don ya ƙone ba, yana barin gawayi a ramin zobe. Ƙonannen man da aka juye daga mota, wanda ake zubawa a tankin shafe sarƙa saboda kyauta ne, yana ɗauke da garin ƙarfe da ke cin famfon mai, kuma sarƙa na watsa shi a fatar mai aiki.

Ba a musun cewa masu wannan sana'a suna da uzuri. Tun bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, kayan gyara na asali sun yi nisa da aljihun talaka, kuma wanda ake biya a kan kowace bishiya sauri yake nema. Sanya silindar China a jikin injin Jamus ba abin kunya ba ne, haka nan rage tsawon takobin da sarƙa ke kewayawa don ƙaramin inji ya huta. Bakaniken Fanteka da ke haɗa matattun injina biyu ya ta da ɗaya ya cancanci jinjina. Ko huda salansa don injin ya sami numfashi yana ƙara ƙarfi da gaske, amma da sharaɗi: sai an buɗe H an ƙara fetur, akasin abin da aka saba. Farashinsa kuma kunne ne ke biya, domin injin zarto ko ba a taɓa shi ba ya haura desibel 100. Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a nan Kaduna take, amma jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa.

Sauyin da ba shi da uzuri ko kaɗan shi ne cire birkin sarƙa. Wannan garkuwar da ke gaban hannun hagu tana haɗe da wani zoben ƙarfe da ke shaƙe gangar kuloci. Idan saman bakin takobi ya taɓa reshe ko ƙusa, injin kan yi tsalle ya nufo fuska da kafaɗa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, da sarƙa mai gudun mita 20 a daƙiƙa. Babu wanda hannunsa ya kai wannan sauri, birkin ne kaɗai ke tsayar da ita. Ana cire shi ne saboda zoben ya karye an ga sayensa ɓarnar kuɗi ne, ko wani ya ba injin wuta birki na kulle har murfin roba ya narke. Zoben nan bai kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Bakaniken da aka ce ya cire shi yana da damar ya ce ba zai yi ba, kuma ya kamata ƙungiyoyin masu gyara su mayar da wannan ƙa'ida. Tsohon 070 kuwa, da ba a ƙera shi da birki ba tun asali, na aikin ƙasa ne a kan manyan gungumai. Hawa darbejiya da shi, fiye da kilo 10 a hannu, ganganci ne.

Injinan da ke fitowa yanzu sun fara raba gardama. Stihl na da M-Tronic, Husqvarna na da AutoTune, inda ƙaramar na'ura ke daidaita fetur da kanta, babu kusar H da za a murɗa. Wanda ya ci karo da irinsu a gwanjo ya tambayi kansa ko akwai mai iya duba su a garin kafin ya saya. Ga sauran, kayan aikin da shagon gyara ke buƙata ba su da yawa: 'yar na'urar auna juyi da ake kusantarwa da wayar fulogi, ma'aunin tudun sarƙa, da gungume a gefen shago don a gwada kowane inji a cikin itace kafin a karɓi kuɗi. Gungumen, bayan guguwar Afrilu, kyauta ake samunsa a Unguwar Kanawa.