Akwatunan Beatles: Wanki da Bugu, ko Sabon Ɗinki?

Akwai wani ciniki da ya kafu ƙwarai a ƙasashen Turai da Amurka wanda ya kamata mu dube shi yau, watau cinikin tsofaffin waƙoƙi waɗanda ake gyara muryarsu, a jera fayafayensu cikin akwati mai ƙawa, a haɗa da littafi da hotuna, sa'an nan a sa musu kuɗi mai nauyi domin masu sha'awar tarawa. An yi wa ƙungiyoyin makaɗa da dama haka, amma wadda ta fi dacewa da misali ita ce Beatles, samarin nan huɗu na birnin Liverpool a ƙasar Ingila: John Lennon da Paul McCartney da George Harrison da Ringo Starr. Babban faifansu na farko ya fito cikin watan Maris na 1963, suka rabu a 1970. Aikin shekara 7 ke nan, amma ga shi an haura shekara 50 da rabuwarsu ana ta sayar da shi, kowane zamani da irin akwatin da ake ƙera masa.

A ganinmu, aiki iri biyu ne ake zubawa cikin waɗannan akwatuna, kuma tallar 'yan kasuwa ba ta cika rarrabe su ba. Wanda ya gaji babbar riga daga mahaifinsa yana iya kai ta a wanke, a kai ta wurin mabuga, ta dawo tana ƙyalli, kuma rigar nan ce dai ta mahaifinsa. Yana iya kuma ba maɗinki ya warware ta, ya sake yanka, ya ɗinka bisa yayin yau. Mai yiwuwa ta fi kyau, amma wanda ya san mai ita ba zai shaida ta ba. Na farkon shi ne gyaran murya, na biyun shi ne sake haɗa kiɗa, kuma wajibi ne mai saye ya san wanne aka miƙo masa.

Bari mu fara da wanki da bugu, domin nan ne yabo yake. Waƙoƙin Beatles an ɗauki mafi yawansu a ɗakin ɗaukar murya na kamfanin EMI da ke titin Abbey Road a Landan, ƙarƙashin jagorancin George Martin, bisa zaren ɗaukar murya irin na da. Daga wannan zare na asali ake yanka faifan garmaho. A 1987 aka juye waƙoƙin a faifan CD karo na farko, a lokacin da na'urorin juyawa ba su gama ƙwarewa ba, kuma masu saurare suka yi shekara 22 da wannan juyi suna gunaguni cewa muryar ta yi siriri. Sai ranar 9 ga Satumba 2009 aka fitar da sabon gyara, bayan ma'aikatan Abbey Road, a ƙarƙashin Allan Rouse, sun yi shekara 4 suna aikinsa.

Yadda suka yi aikin ya isa a faɗe shi. Sun ɗauko zaren asali, suka juye shi waƙa bayan waƙa, suna share ƙurar bakin na'ura kafin kowace waƙa. Suka yi wa kansu iyaka: ƙarar lantarki da ta faɗo cikin zare, da bugun iska a bakin makirufo, da mahaɗin zare da bai zauna daidai ba, waɗannan ana iya gyarawa, abin da makaɗan suka yi da hannunsu da bakinsu kuwa, a bar shi yadda yake. Na'urar rage shuuu ɗin tsohon zare, wadda takan tafi da ɗanɗanon kiɗa in an matsa mata, cikin minti 525 na waƙoƙin ba su sa ta ba sai a ƙasa da minti 5. Wannan kamun kai shi ne darajar aikin, gama garin neman gira akan rasa ido. Akwatin sitiriyo na wannan shekara ya sami lambar yabo ta Grammy a 2011, kuma bai same ta a banza ba.

Akwati biyu aka fitar ran nan. Na sitiriyo yana da faifan CD 16, na mono yana da 13. Ga wanda bai saba da kalmomin ba, mono shi ne kiɗan da aka haɗa domin ya fito ta amsa-kuwwa ɗaya, kamar na ƙaramar rediyo. Sitiriyo kuwa an raba shi dama da hagu. Mutum zai zaci mono koma baya ne, to a nan labarin ya juya. A farkon shekarun 1960 yawancin gidajen Ingila garmaho mai amsa-kuwwa ɗaya gare su, saboda haka haɗin mono shi ne makaɗan suke zama a kansa, su ce ƙara nan, rage can. Haɗin sitiriyo sau da yawa ma'aikata ake bar wa shi, su gama cikin ɗan lokaci. Fayafayensu biyu na farko ma bisa zare mai layi biyu aka ɗauke su, har ya zama a sitiriyo muryar mawaƙa tana gefe guda, kayan kiɗa suna ɗaya gefen, kamar maƙwabta masu gaba.

Bambancin kuma ba ƙarami ba ne. A faifan Sgt. Pepper na 1967, waƙar She's Leaving Home ta fi sauri a mono, muryar kuma ta fi tashi. A farin faifan nan na 1968, waƙar Helter Skelter ta mono ta gaza ta sitiriyo da kusan minti ɗaya, kuma babu ihun da Ringo ya yi a ƙarshe. Wannan farin faifan shi ne na ƙarshe da aka yi wa haɗin mono na musamman. Abbey Road na 1969 a sitiriyo kaɗai ya fito. Saboda haka akwatin mono na 2009 ya mayar wa mutane abin da ya daɗe da ɓacewa daga kasuwa, watau kiɗan kamar yadda masu shi suka ji shi suka ce ya yi. In akwai akwatin da ya cancanci kuɗinsa, to shi ne.

Kada mu manta kuma, duk wannan ya yiwu ne domin an adana zaren. Inda aka yi sakaci, ba gwanin da ya iya maido da shi. Waƙar Love Me Do, wadda suka fara fitarwa a watan Oktoba na 1962 da Ringo a kan ganguna, zarenta na asali ya salwanta, sai daga wani tsohon ƙaramin faifan garmaho aka kwafo ta. She Loves You ta 1963 ma zaren ɗaukarta ya ɓace, shi ya sa ko a cikin akwatin sitiriyo na 2009 a mono take. A nan mai tara tsofaffin fayafaye, wanda ake yi wa kallon mai ɓarnar kuɗi, ya yi rana: da tsohuwar zuma ake magani.

To, mu koma wajen ciniki. Akwatin mono, da yake fayafayensa sun fi kaɗan, shi ya fi tsada: kusan dalar Amurka 300, na sitiriyo kuwa kusan 260. Kowannensu ya haura jika 100 na kuɗin sefa. Aka kuma sanar cewa na mono kaɗan za a buga, mutane suka yi rububi, ya ƙare nan da nan, kamfani ya koma ya ƙara bugawa. Abin nema ya samu. A watan Disamba na shekarar aka zuba waƙoƙin cikin 'yar na'urar ajiya mai siffar tuffa, guda 30,000 kacal. A 2012 aka fitar da akwatin baƙin faifai na sitiriyo, a 2014 na mono. Tun kafin wannan ma an yi akwati mai shuɗin launi a 1978. Ku lissafa da kanku: saurayin da ya sayi Sgt. Pepper a 1967, in mai naci ne, ya sake sayensa a kaset, ya saye shi a CD a 1987, ya saye shi sau biyu a 2009, ya ƙara a 2012 da 2014, ga kuma na 2017 yana jiransa. Waƙoƙi 13 ne dai ba su ƙaru ba.

Ba mu ce neman riba laifi ne ba. Da ribar ake biyan ma'aikata da ɗakin ajiyar zare. Abin da muke ƙi shi ne ƙarancin da ake ƙirƙira da gangan. Faifan CD ba zinariya ba ne da za a ce rami ya ƙafe; injin da ya buga dubu yana iya buga miliyan. In an ce kaɗan ne, to an faɗa ne domin a tayar da hankalin mai saye. Sakamakonsa kuwa sananne ne: wasu sukan sayi akwati su ƙi ko yage ledarsa, su ajiye shi bisa kanta suna jiran ya yi tsada. Kiɗan da aka yi shekara 4 ana share masa ƙura domin kunne ya ji, ya koma kayan jere kamar tasoshin ɗakin amarya. Tun daren 24 ga Disamba 2015 da aka saki waƙoƙin a manhajojin saurare ta intanet, mai son ji kawai ba ya bukatar akwati, sai ciniki ya ƙara karkata ga kwali da littafi da hoto.

Daga 2017 aka shiga sabon ɗinki. George Martin ya rasu a 2016, ɗansa Giles Martin ya ɗauki aikin. Ya koma ga zaruruwan da aka ɗauki kowane kayan kiɗa a kansu, ya sake haɗa Sgt. Pepper daga tushe domin cikarsa shekara 50. Farin faifai ya biyo a 2018, Abbey Road a 2019, Let It Be a 2021, Revolver a 2022. Gaskiya a faɗe ta, aikin gwani ne: ganguna sun fito fili, muryar mawaƙa ta dawo tsakiya, kuma a Sgt. Pepper ya bi sawun haɗin mono da makaɗan suka amince da shi. Jama'a ma sun karɓa, domin Sgt. Pepper a 2017 da Abbey Road a 2019 duk sun sake hawa kan jerin fayafayen da aka fi saye a Ingila. Akwatunan kuma suna ɗauke da gwaje-gwajen da aka yi kafin waƙa ta nuna, inda mai saurare yake jin ana kuskure ana dariya ana sakewa. Ga mai koyon kiɗa wannan makaranta ce.

Amma Revolver ya zo da wani abu dabam. An ɗauke shi a 1966 bisa zare mai layi huɗu, inda akan cusa jita da ganguna a layi guda, ba yadda za a raba su. Sai aka yi amfani da wata dabarar kwamfuta da ma'aikatan Peter Jackson, mai shirya fim ɗan ƙasar New Zealand, suka ƙago lokacin aikin fim ɗin Get Back na 2021, wadda take koyon muryar kowane kayan kiɗa ta tsame shi daga cikin sauran. Da wannan dabarar aka tsamo muryar John Lennon daga wani kaset da ya ɗauka a gidansa a ƙarshen shekarun 1970, aka gina waƙar Now and Then, ta fito a Nuwamba 2023. Lennon an kashe shi a New York a Disamba 1980, Harrison ya rasu a Nuwamba 2001. Watau rabin masu rigar ba su nan da za a tambaye su ko ɗinkin ya yi musu. Iyalansu sun yarda, sauran biyun sun sa hannu, wannan ya isa ga shari'a. Amma yardar magaji daban take da kunnen mai kiɗa.

Ba mu neman a hana sabon haɗi. Sharaɗinmu ɗaya ne: a rubuta a fili cewa sabo ne, a sa shekararsa, kuma a bar na asali a kasuwa kusa da shi, a farashin da talaka zai iya. Faifan 1966 shaida ne na abin da mutane huɗu da na'ura mai layi huɗu suka iya yi a 1966, har da inda na'urar ta gaza. Yaron da ya fara jin haɗin 2022 ba tare da an gaya masa ba, zai ɗauka haka aka ji shi a wancan zamani, kuma ba haka ba ne.

Wanda yake ganin tsoron nan ya yi yawa, ya dubi abin da ya sami Help! da Rubber Soul, fayafaye biyu na 1965. Lokacin juyin 1987 George Martin bai gamsu da sitiriyonsu na asali ba, ya sake haɗa su. Da aka zo gyaran 2009, wannan haɗin na 1987 aka sa cikin akwatin sitiriyo, shi aka sayar ɗai-ɗai a kantuna, shi ya zama wanda kowa ya sani. Sitiriyon 1965 na ainihi kuwa, wanda mutane suka saya suka ji shekara 22 kafin a taɓa shi, sai aka maƙala shi a matsayin gyara a ƙarshen fayafaye biyu cikin akwatin mono, akwatin da ya fi tsada, wanda kuma aka ce kaɗan za a buga.