LAFIYA UWAR JIKI: Shayin soɓorodo da hawan jini

A ƙasar Arewa kowa ya san yakuwa. Daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Gesheme da Kore Mairuwa, ana shuka ta bakin gonar hatsi, mata kuma suna sa ta cikin gamanarsu. Ganyenta na miya ne. Da ƴaƴanta ake yin daudawar batso. Jan kwanson da ke rufe ƴaƴan, shi ne soɓorodo. Bayan girbin hatsi ake ɓare shi a shanya.

Ba Arewa kaɗai ke shan shi ba. A Senegal ana ce mashi bisab, a Sudan da Masar karkade. Ƴan kasuwar Najeriya suna kai shi har ƙasar Meksiko.

Yanzu magana ta bazu cikin kasuwanni cewa soɓorodo yana maganin hawan jini, wanda ake ce ma tansiyo. Da gaskiya cikin maganar, amma gaskiyar tana da iyaka. Wanda bai san iyakar ba yana iya cutar da kanshi.

Abin da masana suka gani

A shekarar 2010 masanan jami'ar Tufts ta ƙasar Amurka suka bayyana wani gwaji. Sun ɗauki mutum 65 waɗanda jininsu ya fara hawa. Wasu sun sha shayin soɓorodo kofi 3 kullum har sati 6. Sauran sun sha wani ruwa mai kama da shi. Jinin masu shan soɓorodo ya sauka fiye da na sauran.

To, nawa ya sauka? A gidan likita, in an auna mutum, ana faɗa mashi lamba biyu, kamar 12 bisa 8. In lambar ta kai 14 bisa 9, kuma ta tsaya nan, jini ya hau. A wancan gwaji lambar sama ba ta sauka da 1 cikakke ba. Ke nan, tsohon da jininshi ya kai 18, soɓorodo ba ya maido shi 13. Taimako ne, ba ya zama madadin ƙwayar likita.

Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama. Mutum yana noma, yana kiwo, bai san yana da shi ba, sai ranar da ɓarin jikinshi ya shanye. Don haka awo shi ne na farko. Wanda aka ba ƙwaya kar ya bar ta don yana shan soɓorodo. Ya gaya ma likita yana shan shi, tunda dukansu biyu suna sauke jini.

Yadda ake haɗa shi

1. A zaɓi busasshe, ja, wanda bai yi fumfuna ba.
2. A ɗibi cikin hannu guda, a ɗauraye da ruwan sanyi don yashi ya fita.
3. A tafasa ruwa lita 1 sosai.
4. A zuba soɓorodo, a rufe, a sauke tukunya daga wuta.
5. A jira minti 10, a tace da tsumma mai tsabta.

Mai so yana iya sa citta, ko kanumfari, ko na'ana'a. Ba sai ya yi kauri ba. Shayin da aka yi gwaji da shi ma ɗan kaɗan aka sa cikin kowane kofi.

Abin da ke ɓata shi

Na farko sukari. Soɓorodo yana da tsami, shi ya sa ake cika mashi sukari. Sukari mai yawa yana cin haƙora, kuma yana cutar da mai ciwon sukari. A sa kaɗan, ko a sha shi haka nan.

Na biyu ruwa. Wasu suna jiƙa shi cikin ɗanyen ruwan rijiya ko na tabki, su ɗura cikin kwalabe da ba a wanke ba. Ta nan zawo ke kama yara. A shekarar 2021 cutar kwalara ta ɓarke a Nijar, har da jihar Doso, kuma ruwa marar tsabta shi ne babbar hanyarta. Makiyayi da ke daji ya tafasa ruwanshi kamar yadda yake yi in zai dafa shayi.

Na uku wuce ƙima. Mai ciki ta bar shan shi da yawa sai ta tambayi ungozomar gidan likita. Wanda jininshi ke ƙasa, mai yawan jiri, shi ma ya yi hattara.

Shawara ga manoma

In kaka ta yi, a shanya soɓorodo bisa tabarma, kar a zuba shi ƙasa. In ya bushe, a ajiye shi cikin buhu nesa da laima. Kar a sayar da shi duka ranar kasuwa. A bar tiya ɗaya ko biyu don gida. A rage gishiri cikin miya. Duk wanda ya fara manyanta, namiji ko mace, ya riƙa zuwa gidan likita a auna jininshi, ko da ba ya jin ciwon komi.