Je ka ƙofar wanda ka zalunta

Jama'a, neman yafiya ya yi mana arha fiye da kima. Da azumi ya gabato, ko jirgin alhazai ya kusa tashi, sai wayoyi su cika da saƙo iri ɗaya: duk wanda na ɓata wa, da sani ko da rashin sani, ya yafe mini. A tura wa mutum ɗari lokaci guda, a mayar da waya aljihu, zuciya ta ce an gama. Ba a gama ba! Wanda ka zalunta ka san shi. Ka san sunansa, ka san ƙofar gidansa, ka san abin da ka ci masa.

Kuma ba jahilci ke damunmu ba. Yaron da ya buɗe Ahalari a zauren malam, tun a farkon littafin yake cin karo da sharuɗɗan tuba: nadama kan abin da ya wuce, barin saɓon nan take, da ƙudurta cewa ba za a koma ba. Wanda ya kai Risala ya karanta cewa mayar da haƙƙin mutane yana cikin tuba. Abin da ke tsakaninka da Ubangiji, ƙofar gafararSa a buɗe take dare da rana. Haƙƙin bawa kuwa, sai an biya shi ko ya yafe da bakinsa.

Ku dubi gado, inda ɓarnar ta fi yawa. Uba ya rasu, babban wa ya riƙe gona da gida da shago, ya ce yana kula wa kowa. Shekara goma, shekara ashirin, ba a raba ba. Ƙannensa mata suna gidajen aure, wata kuɗin maganin ɗanta ma ya gagare ta, alhali rabonta yana cikin gonar da ake nomawa kowace damina. In ta buɗe baki a ce ta yi rashin kunya, ta raba zumunci. Matar mamaci ta gama takaba, wata huɗu da kwana goma, ta fita da kayan ɗakinta kawai, tumunin da Suratun Nisa'i ta ba ta ya bi ruwa. A cikin surar nan, aya ta 10, aka yi wa masu cin dukiyar marayu gargaɗi da wuta, kuma ayoyin rabon gado suna biye da ita kai tsaye. Yaya, wallahi carbi ba ya wanke wannan. Kira malami, a lissafa, a ba kowa nasa, har da amfanin gonar da ka ci a shekarun da suka wuce.

Haka mai tauye mudu a kasuwa. Haka wanda ya ci bashi yana da halin biya, amma yana canza hanya in ya hango mai kuɗin. Haka wanda ya riƙe ladan lebura, da wanda ya yi wa 'yar mutane ƙazafi a Facebook har aurenta ya lalace. A hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Manzon Allah (SAW) ya bayyana cewa matsiyaci na gaskiya shi ne wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, amma ya zagi wannan, ya ci dukiyar wancan, sai a yi ta kwasar ladansa ana biyan mutane. In lada ya ƙare, a ɗora masa zunubansu.

Na san abin da ke riƙe ƙafa: kunya. Yaya zan durƙusa wa ƙanwata? Me za a ce a gari? Ku tuna Ka'abu ɗan Maliku. Bai fita yaƙin Tabuka a shekara ta 9 bayan Hijira ba, kuma ba shi da uzuri. Mutum tamanin da 'yan kai waɗanda su ma ba su fita ba suka zo da rantsuwa aka ƙyale su, shi kuwa ya faɗi gaskiya. Aka ƙaurace masa kwana 50 a Madina, shi da wasu mutum biyu irinsa, Murara da Hilalu, ko sallamarsa ba a amsawa. Ya jure har aya ta 118 ta Suratut Tauba ta sauka da karɓar tubansu. Wannan sahabi ne, ya ɗauki kunyar gari guda. Kai ƙofa ɗaya aka ce ka ƙwanƙwasa.

To, ku tashi! Kada ka jira ranar da za a shimfiɗe ka a gaban sahu, wani ya miƙe yana cewa duk mai bin sa bashi ya zo, a yafe masa. A ranar ba ka da bakin roƙo, kuma wadda ka cuta ɗin tana cikin gida, ba wanda ya tambaye ta. Je ka yau da ƙafarka. Ambaci laifin da sunansa, ban da "in na ɓata maka". Tafi da haƙƙin a hannu. In ba za ka iya biya gaba ɗaya ba, ku yanka lokaci a gaban shaidu. In mai haƙƙin ya rasu, magadansa suna nan. In ka neme su iya ƙoƙarinka ba ka same su ba, malamai sun ce ka yi sadaka da shi a madadinsa. Sharrin da ka yi a bainar jama'a, a bainar jama'a za ka janye shi.

Iyayenmu dattawa, limamai da masu unguwa, ku yi mana aikin gafara, akwai magana a kanku. Mun gaji da sulhun da ake taruwa a kan bazawara da maraya ana cewa ku yi haƙuri, ku bar wa Allah, mai ƙarfi kuma ya tashi da kayan a hannunsa. Ku juya ku fuskanci wanda ya ci. Ku zaunar da shi, ku sa ranar rabo, ku je ku tsaya a kan gonar har a ja igiya a kafa iyaka.