Yuraniyom namu ne, amma ilimin cikinsa fa?

Tun 1971 ake haƙo yuraniyom a Arlit, kuma kullum muhawararmu kan farashi take tsayawa. A ganina abin da ya fi farashi muhimmanci shi ne sanin abin da ke fitowa idan aka fasa ƙwayar zarrarsa.

Cibiyar kusan kowace ƙwayar zarra tana ɗauke da firoton da nutiron. Idan cibiyar yuraniyom ta tsage, gutsattsarin kan fito da nutiron fiye da kima, shi ya sa yawancinsu ba sa daɗewa. Ɗaya daga cikinsu, molibdenom-99, rabinsa kan rikiɗe cikin awa 66, ya zama teknetiyom-99m, wanda likitoci ke amfani da shi wajen hoton zuciya da ƙashi. Shi kuma rabinsa awa 6 kacal yake yi. To ka ga wannan ba gero ba ne balle a zuba a rumbu sai baɗi. Dole a samu masani kusa da majinyaci.

Wasu ma ko tsayuwa ba sa yi. Iskar oksijin da muke shaƙa nutiron 8 gare ta. A 2023 masu bincike a cibiyar RIKEN ta Japan suka ba da labarin samar da mai nutiron 20, wadda lissafi ya nuna kamar za ta yi ƙarko. Nan take ta watsar da nutiron 4. Wato har yanzu masana ba su gama gane yadda cibiyar take riƙe kanta ba, ƙofar a buɗe take.

Wani zai ce, mu da ke fama da ruwan sha, ina mu ina wannan? Gaskiya ne, ruwa ne gaba. Amma Zariya tana da tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004, Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai tana da cibiyar nazarin sinadarai masu tururin nukiliya, ga jami'a a Maradi. Su wa za su cike waɗannan kujeru?

Iyaye, yaron da ke son lissafi, mace ko namiji, kada a cire shi daga lakwal saboda gona ko aure. Mu kuma nemi malaman kimiyya da kayan gwaji a makarantunmu da irin naci da muke neman rijiya. Allah Ya sa mu dace.