Motar Sarakuna da Kantun Gishirin Fachi

'Yan'uwa 'yan kasuwa da iyayenmu mata masu kasa kaya, yau labarin wata mota muka kawo muku, domin akwai darasi a cikinsa ga duk mai juya jari.

A shekarar 1909 wani ɗan Italiya mai suna Ettore Bugatti ya kafa masana'antar ƙera motoci a Molsheim, wani ɗan ƙaramin gari da yanzu yake gabashin Faransa. Motocinsa suka yi suna a fagen tsere, attajirai suka yi ta rububinsu. Ganin haka sai ya ƙuduri niyyar ƙera motar da ba a taɓa ganin irinta ba, ya sa mata suna Royale, wato ta sarakuna. Tsawonta ya haura mita 6, kuma guda 25 ya shirya ƙerawa. Ana cikin haka sai karayar tattalin arziki ta 1929 ta faro daga Amurka ta game duniya. Ƙarshenta guda 6 aka ƙera, 3 kacal aka sayar, kuma babu sarki ko ɗaya a cikin masu sayen.

To me ya ceci kamfanin? Manyan injinan motar da suka yi kwantai aka ɗauka aka sa wa jiragen ƙasa masu gudu, waɗanda suka fara jigilar fasinja a Faransa a 1933. Wato kuɗin talaka mai sayen tikiti ne ya riƙe masana'antar da aka gina don sarakuna.

Mu dawo gida mu dubi Fachi, garin da ke tsakiyar hamada tsakanin Agadas da Bilma. Arzikinsa gishiri ne da dabino. Ɗaruruwan shekaru ke nan, duk bayan damina ayarin raƙuma ke keta rairayi da gero, su yi musaya da kantun gishiri, a gangaro da shi kasuwannin Damagaram da Maradi har Kano. Farin shekarun 1970 ya kashe raƙuma masu yawa, manyan motoci suka shigo harkar, amma cinikin bai mutu ba, saboda dabba sai ta lashi gishiri, tukunya ma haka.

Ba muna cewa a bar sayar da leshi da shadda da gwal ba ne. Ribar turmi ɗaya mai tsada ta fi ta mudu da yawa, kuma sunan Bugatti ma ya farfaɗo bayan Volkswagen ya saye shi a 1998. Sai dai lokacin ya daɗe da fita daga hannun iyalinsa, kuma mai shago a Kantin Kwari ba shi da Volkswagen da zai zo ya ɗaga shi in ya faɗi.

Mun ga abin da ya faru a 2023, da aka cire tallafin mai a Najeriya aka kuma rufe iyaka da Nijar. Masu kayan ado suka riƙa wuni suna kore ƙuda, mai gishiri da gero da daddawa kuwa ba ta rasa na cefane ba.

Don haka shawararmu ita ce a raba jari. Kashi mafi tsoka ya zauna a kayan da kowane gida ke nema kullum, ragowar a sa a kayan ƙawa, kuma kada a ci bashi don cika shago da kayan biki. Masu iya magana sun ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Allah Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.